Shafin Da Ba Shi Da Mai Gadi

Ranar da aka karya wa Fakhruddeen hannu, ina sanye da atamfata ruwan ganye mai zanen fanka, wadda ya taɓa cewa ta fi kowace yi min kyau. Na fara da wannan ne don ku san irin macen da ke ba ku labari. Ana dukan mutum saboda ni, amma har yau abin da ke fara faɗo min shi ne zanin da ke jikina. Don haka kada wata ta yi saurin cewa "Allah sarki Bara'atu". Ku bari ku ji tukuna.

Shekarar casa'in da tara ce. Gidanmu yana Magajiya, gidan Alhaji Bamalli shugaban 'yan hatsi, mutanen da in ka tambaye su daga ina suka zo Suleja sai su dube ka kamar ka zage su. Ni ce mace ta farko a layinmu da ta yi difloma a kwamfuta, kuma wallahi na san da haka, har tafiyata ta sani. Ina aiki a shagon Oga Romanus da ke Kurmin Sarki: kwamfuta huɗu, firinta ɗaya, tarho mai kwaɗo, sai janareto a ɗan ɗakin baya. Inna ba ta taɓa son aikin ba. Kullum da safe ina yafa gyale tana cewa, "An tafi kallon talabijin marar hoto."

A shekarar ne wani kamfani ya gina sabuwar kasuwar hatsi ta wajen Zuma, aka ce tsofaffin 'yan kasuwa su koma can, abin da ya rage a ba sabbi. Oga ya samu aikin rabon rumfuna. Bai daɗe da dawowa daga wani kwas a Legas ba, kansa cike da intanet, ya rantse ba zai yi shi da takarda da biro ba. Shafuka za a yi irin na intanet, a haɗa kwamfutocin da waya. Mutum ya ba da sunansa, a duba ko tsohon mai rumfa ne, shugaban 'yan hatsi ya sa lambarsa ta sirri ya amince, sannan firinta ta fitar da takardar rumfa. Shugaban nan kuwa Babana ne.

Ni aka ba rubutun. Yadda na yi shi, kowane shafi sarkin kansa ne. A ƙasan kowanne na jera umarni: in tsohon mai rumfa ne tura shi shafin shugaba, in ba shi ba ne kai shi jerin masu jira, in bai cike suna ba mayar da shi baya. Shafi ashirin da uku, kowanne da nasa in-kaza-yi-kaza, duk da yatsuna na buga. Sati biyar ban yi kitso ba.

Sai ga Fakhruddeen. Ɗan Kano ne, yana aiki a Abuja, yana hayar ɗaki a Suleja shi da wani abokinsa Ahmad. Ranar Asabar yakan zo ya taya Oga aiki. A lokacin ya yi wata huɗu yana zuwa zance gidanmu, Baba bai ce e ba bai ce a'a ba, Yaya Khamis kuwa, wana da ke riƙe da rumfar gidanmu, ko gaisuwarsa ba ya amsawa. "Ɗan haya," haka yake kiransa, ko a gabansa. Ni dai ina sonsa. Dogon kaftani ruwan toka, hula ƙube a karkace, biro biyu a aljihu, magana a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Ina sonsa sosai, na faɗa na ƙara.

Wata Asabar ya ja kujera ya zauna gaban aikina, ya yi kusan awa yana karantawa. Ni kuwa ina gefe ina gyara zaman gyale, ina jiran yabo.

"Bara'atu, wa ya san hanyar nan gaba ɗayanta, daga farko zuwa ƙarshe?"

"Ni mana."

"Ranar da kika tashi da zazzaɓi fa?"

"Sai a jira in warke."

Ya yi murmushi. "Aikin ya yi kyau. Amma kin raba hukuncin gida ashirin da uku. In kika manta sharaɗi a shafi guda, ba wanda zai gani. Ni da za ki yarda, a kwashe duk umarnin nan daga cikin shafukan, a yi jadawali ɗaya: daga shafi kaza ana iya zuwa shafi kaza, bisa sharaɗi kaza. Abin da ba ya cikin jadawalin, babu hanya. Sai a ajiye ɗan ƙaramin furogiram a bakin ƙofa kamar mai gadi, duk wanda zai wuce sai ya duba jadawalin tukuna. Ke ki faɗi abin da ya halatta kawai, ki bar inji ya san yadda zai yi."

"In mai gadin naka ya rikice fa, ta ina zan bi in kama shi?" na ce. "Nawa ina karantawa daga sama zuwa ƙasa, ina ganin kowane taki da idona. Naka sai dai in miƙa wuya ga abin da ban ga cikinsa ba."

"Wannan gaskiya ce. Gyaransa ya fi wuya a farko. Amma rumfunan mutane ne, Bara'atu. Gara wuyar gyara da ƙofa a buɗe."

Da a nan maganar ta tsaya, ƙila da na sauko. Sai Oga ya sa baki daga inda yake. "Bara, abeg, yi abin da oga Abuja ya faɗa. Wannan naka na old school." Theophilus, akawun da zai zauna gaban kwamfuta ranar rabo, ya tuntsire da dariya har yana buga tebur. Sati biyar na aikina, a gaban saurayina. Na ji kunnuwana sun yi zafi, na ce "to", na haɗiye sauran.

Ranar Litinin Ahmad ya biyo ya miƙo min disket, ɗan faifan ajiyar aikin kwamfuta, a cikin ambulan. Haka muke saƙo a lokacin, babu wayar hannu, tarhon shago kuma Oga yana zaune a kansa. Na saka na buɗe. Ga jadawalin, layi talatin da ɗaya, tsaf. Ga mai gadin. Ga kuma wani ɗan fayil a gefe:

"Ranki ya daɗe, na san na ɓata miki rai a gaban mutane, ban kyauta ba. Ban taɓa ko harafi a shafukanki ba, naki ne. Hanyar kawai na tattara wuri ɗaya. Ki saka kafin Alhamis. In kin huce, ki sa ruwan ganyen nan ranar Asabar in gane."

Na karanta sau huɗu, na yi murmushi ni kaɗai. Sannan na zare disket ɗin na jefa a jaka, da na isa gida na tura shi ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan Sallah. Na ce a raina, bari a yi rabon nan da aikina, ya tafi lafiya lau, sannan in fito da disket ɗinsa in ajiye masa a gaban Oga da Theophilus in ga ta dariya. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa.

Ya bugo tarho ranar Talata da rana daga ofishinsu.

"Kin saka?"

"Na saka."

"Ya karɓa ba matsala?"

"Lafiya lau."

"Alhamdulillahi. Yanzu hankalina ya kwanta."

Oga yana jin haka ya buga takardar da za a ba kwamitin kasuwa. Ya rubuta: shafuka, Bara'atu Bamalli, tsarin hanya da tsaro, Fakhruddeen. Ina gani ya sa hannu, ban gyara masa ba.

Laraba kamfanin ya aiko cewa a ƙara shafi ɗaya, na wanda yake son canja layin rumfa. Na rubuta shi a gurguje, wuta na ɗaukewa ana tada janareto. A ƙasansa na ce in an zaɓi layi a wuce shafin buga takarda. Sharaɗin amincewar shugaba, wanda na kwafa a duk shafuka ashirin da ukun da hannuna, a na ashirin da huɗu na manta shi. Da jadawalinsa ne a ciki, layi ɗaya zan ƙara, gurbin sharaɗin yana kallona fayau, kuma in na bar shi fanko mai gadin ba zai bar kowa ya wuce ba.

Alhamis da Juma'a aka yi rabo a ofishin sabuwar kasuwa. Ban je ba, Yaya Khamis ya ce ba zan shiga turmutsutsun maza ba. Layi ya kai titi, rana ta take. Baba da yatsa ɗaya yake buga lambarsa, sai ya nemi tabarau, sai ya yi kuskure ya sake. Da ya tafi masallaci, Theophilus ya gano cewa in ya bi ta shafin canja layi, takarda na fitowa nan take. Shi a ganinsa dabara ya samo. Kafin la'asar ɗin Juma'a, rumfa sittin da ɗaya na tsofaffin 'yan kasuwa sun tafi hannun waɗanda ya kamata su zauna a jerin jira, kowanne da takarda mai hatimi. A ciki har da lamba goma sha huɗu, ta kan kwana, wadda kowa ya san ta gidanmu ce tun da aka zana kasuwar. Ta faɗa hannun Ahmad, abokin ɗakin Fakhruddeen, wanda ya cike takarda don yana son ya gwada sayar da shinkafa.

Yaya Khamis bai kwana a gida ba, ni kuma ban san komai ba. Asabar na tashi na yi wanka, na sa kwalli, na ɗaura ruwan ganyen nan da farin gyale, na tafi shago ina shirin cin nasara.

Na tarar an dawo da kwamfutocin, Oga yana zufa, Theophilus bai zo ba. Fakhruddeen yana zaune gaban injin, ko hularsa bai cire ba.

"Ba zai yiwu ba, Oga," yake cewa. "Babu wannan hanyar a jadawalin. Bari ka gani."

Ya buɗe inda jadawalin ya kamata ya kasance. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ya nemi mai gadin. Sannan ya buɗe shafin canja layi ya karanta ƙasansa, layi uku ne kacal. Ya ɗago ya dube ni. Bai ɗaure fuska ba, bai tambaye ni ba, ya dubi atamfar ya dubi fuskata. Na so ƙasa ta tsage.

"Me ka gani?" in ji Oga.

Kafin ya amsa muka ji akori-kura ta ci birki a ƙofa.

Sun fi ashirin, 'yan hatsi da 'yan dako, wasu da gora, wasu da ƙugiyar ɗaukar buhu. Yaya Khamis ne a gaba, idonsa jajir, rigar jiya a jikinsa. Ƙofar gilashin suka fara fasawa duk da a buɗe take. Wani ya ɗaga firinta ya maka da ƙasa, wasu suka far wa kwamfutocin. Oga ya taso yana "Abeg, abeg, make we talk," gora ta sauka a goshinsa, jini ya wanke masa fuska, ya zauna daɓas cikin fasassun gilasai. Fakhruddeen ya fizgi hannuna, karo na farko da ya taɓa ni, ya tura ni ɗakin janareto ya ja ƙofa. Ta tsagar katako na ga sauran.

Yaya Khamis ya zaro takardar kwamiti daga aljihu ya manna masa a fuska. "Tsarin hanya da tsaro. Sunan uban wa ke nan?"

"Sunana ne."

"Kai ka buɗe wa 'yan uwanka 'yan haya hanya? Ka shigo gidanmu da sunan neman aure, ashe kasuwa kake nema?"

"Kuskure ne, Khamis, ba da gangan ba. Za a iya gyarawa."

"Kuskuren wa?"

Na buɗe baki a bayan ƙofar nan. Wallahi na buɗe. Warin fetur kawai na shaƙa, babu abin da ya fito.

"Nawa ne," in ji Fakhruddeen.

Suka rufe shi. Hularsa ta fara faɗuwa, sai biro biyun, wani ya take su. Suna duka yana kare kansa bai rama ba, kaftanin ya yage tun daga wuya. Yaya Khamis ya karya ƙafar benci, ya ce a riƙe masa shi. Mutum biyu suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan tebur, kusa da allon da yake bugawa.

"Da wannan ka rubuta?"

Sau biyu ya sauke. A na biyun na ji ƙarar ƙashin. Sai a lokacin muryata ta dawo, na banko ƙofa ina ihu, amma ihu ne kawai, ba magana a ciki. Yaya Khamis ya juyo ya ɗauke ni da mari da bayan hannu, leɓena ya fashe, na bugu da bango. Ya naɗe gyalena a hannunsa ya ja ni har gaban mota. Fakhruddeen kuwa a baya suka jefa shi, kan ragowar buhunan masara, suka ce gaban shugaba za a kai shi ya faɗi nawa aka ba shi.

Kafin mu isa Magajiya labari ya riga mu. Layinmu ya cika, har da waɗanda ba su da ko mudu a kasuwa. Baba ya fito da carbi a hannu, ya ga halin da aka kawo mutum, ya daka tsawa aka shigar da shi zaure tare da dattawa huɗu da Yaya Khamis, ya sa sakata. Ni aka tura cikin gida.

Inna ta zaunar da ni bakin rijiya tana danna min tsumma mai sanyi a leɓe, tana zagin Yaya Khamis ƙasa-ƙasa. Daga waje ana dukan ƙofa, ana cewa a fito da shi.

"Inna, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na yi. Ya ba ni gyaran na ɓoye, yana cikin akwatina. Na ce masa na saka."

Hannunta ya tsaya. Ta waiga dama da hagu, ta matso har ina jin numfashinta.

"Haɗiye shi. Kin ji ni? Haɗiye shi ya bi ruwan cikinki."

"Za su kashe shi."

"Ubanki ba zai bari ba. Shi baƙo ne, in ya warke ya tattara ya koma garinsu, a manta. Ke fa? 'Yar shugaba ta raba rumfunan mutane? Cewa za a yi da sanin ubanki. Shekara talatin yana riƙe da amanar kasuwar nan, ki rushe ta da baki ɗaya? Wa zai aure ki a garin nan? Wa zai sake sayen ƙwayar gero a hannun Khamis?"

Ba ƙarya ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta yi min nauyi. Na zauna ina kallon guga. Sai na ji muryar wani dattijo daga zaure yana cewa, "Yaro, ka faɗi gaskiya ka huta," na ji Fakhruddeen ya yi wani ɗan nishi, irin na wanda aka taɓa wa ciwo. Na miƙe. Inna ta riƙe min zani, na fizge. Na shiga ɗaki na kife akwatin a kan gado, na ɗauko disket ɗin, na nufi zaure ba gyale ba takalmi.

Yana jingine da bango, hannun a kan cinyarsa ya kumbura ya yi baƙi, ido ɗaya a rufe. Na durƙusa gaban Baba na ajiye disket ɗin a kan buzunsa.

"Baba, ba shi ba ne. Aikinsa ga shi nan, bai taɓa shiga injin ba. Ni na rubuta shafin, ni na manta sharaɗinka, ni na yi masa ƙarya."

Yaya Khamis ya yunƙuro, Baba ya ɗaga masa yatsa ɗaya ya koma.

"Alhaji," in ji Fakhruddeen, muryarsa a dashe, "kada ka saurare ta. Tausayina take ji. Wannan kwafi ne kawai. Aikina ne."

"Ƙarya yake yi, Baba!"

"Sunana ne a takarda."

Baba ya dube shi, ya dube ni. Shi bai san jadawali ba, bai san mai gadi ba, ƙaramin abin roban da ke gabansa bai gaya masa komai ba. Kwamfutocin da za su yi shaida kuma suna can a farfashe. Ya miƙa hannu kan taga ya sauko da Alƙur'ani cikin gafakarsa, ya ɗora a kan buzu.

"Ɗayanku yana yi min ƙarya a zaurena. A kawo buta. Mai gaskiya ya yi alwala ya dafa."

Wani dattijo ya turo butar tsakiya. Ina kallo Fakhruddeen ya dafa bango da hannun hagu, ya miƙe da kyar, ya tako. Mutumin da ban taɓa ganin sallar jam'i ta wuce shi ba, zai dafa Littafin Allah a kan ƙarya saboda ni. Ya tsuguna, ya dubi hannunsa da ba ya motsi, ya dubi dattawan.

"Don Allah wani ya zuba min."

Na riga kowa kai hannu. Na janye butar zuwa gabana, na yi bisimilla, na wanke hannuwana, na kuskure baki, ruwan ya fito ja. Yana kiran sunana a hankali, ban dube shi ba. Ƙofar zaure tana girgiza, sakatar tana ƙara, wani a waje yana ihu a ba su wanda ya yi ko su shigo su ɗauka.

Da na wanke ƙafa na matso gaban buzun, Baba ya sunkuyo. Ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Bara'atu, in baƙo ne, ina da bakin da zan roƙa masa mutanen nan. In 'yata ce, ba ni da shi. Kin gane?"

"Na gane, Baba."

Na ɗora hannuna.